Filin Tambaya da Amsa: Kasar Kurmi, Macijiyar da Ba a Gani Sai An Kusa Taka Ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Wata huɗu ke nan da na samu aiki a wata gonar koko da ke bakin kurmi a kudancin Kamaru. Makon jiya muna sharar gindin itatuwa abokan aikina suka kashe wata macijiya da ban taɓa ganin irinta ba. Tsawonta bai kai tsayina ba, amma kaurinta ya fi ƙwaurina, kanta faffaɗa kamar busasshen ganye, jikinta da zane kamar darduma. Wani ya ce in ta sare ka ba ka taku bakwai. Wani kuma ya ce ba ta da faɗa ko kaɗan, shi ya sha ɗaga ta da hannu. Tun daga ranar ba na iya sa ƙafa cikin ganye hankali kwance. Wanne ne gaskiya, kuma in tsautsayi ya faɗa me zan yi? Daga ɗanka, mai aikin gonar koko.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sa albarka a cikin nemanka, Ya dawo da kai gida lafiya. Tun ban kai ƙarshen wasiƙarka ba na gane macijiyar, domin na yi shekaru ina aikin ƙidayar itatuwa a cikin kurmi, kuma babu wata halitta da ta koya mini duban ƙasa kafin in ajiye ƙafa kamar ita. Abokan aikinka biyu kowa ya riƙo gefe guda na gaskiya, ya ƙara mata gishiri.

Wannan macijiya 'yar'uwar kasa ce ta jini, shi ya sa nake kiran ta kasar kurmi. Masana suna ce mata Bitis gabonica, sunan da aka raɗa mata a 1854 saboda yankin Gabon inda aka samo ta. Tana zaune a kurmin Afirka ta Tsakiya, daga kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har Uganda da yammacin Kenya da Tanzaniya, ta gangara Zambiya da Mozambik, ta taɓa wani ɗan yanki na Afirka ta Kudu. Tana da wata ƙanwa a kurmin yamma, daga Gini zuwa Gana da Togo, wadda ƙahonnin hancinta suka fi tsawo, kuma a 1999 masana suka ware ta a matsayin jinsi dabam. Ga mai aikin gona dai duk ɗaya ne, hali guda, dafi guda. Ba kuma cikin ƙungurmin kurmi kaɗai take ba. Tana son gonar koko da ta kofi, domin akwai inuwa da laima da tarin ganye, ga ɓeraye da gafiyoyi suna kai kawo. Wato inda kake aiki gidanta ne.

Yawancinsu tsawonsu tsakanin mita 1.2 ne da mita 1.5, ƙalilan ne ke kaiwa mita 2. Abin da ke ba mutum mamaki shi ne nauyi. Manyan mata sukan haura kilo 8, kuma duk Afirka babu maciji mai dafi da ya kai ta nauyi. Fiƙoƙinta na iya kai santimita 5, kusan tsawon ƙaramin yatsanka, kuma a duk macizai masu dafi na duniya babu mai fiƙa kamar nata. Idan bakinta na rufe, fiƙoƙin a naɗe suke can sama a jikin ganɗa. Da ta wage baki sai su miƙe kamar wuƙar da ake ninkewa. A cikinsu akwai rami irin na allurar asibiti, dafin kuma yana fitowa ne daga wasu manyan jakunkuna biyu da ke bayan idanunta. Su ne suka sa kanta ya yi wannan faɗin da ka gani.

Bari in ba ka labarin ranar da na fara haɗuwa da ita. Ina tsaye a gindin wata doguwar bishiya, na zagaya ta da tef, ina rubuta kaurinta a littafi. Na ɗauki lokaci a wurin, domin alƙalamina ya jiƙe yana ƙin rubutu. Sai mutumin da ke share mana hanya da adda ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, kada in motsa ƙafata ta hagu. Na duba ƙasa, ban ga komai ba sai ganye. Ya nuna da tsinin adda, na sake dubawa, har yanzu ganye. Sai da ta ja numfashi na ga wani yanki na ganyen ya kumbura ya sauka, sannan idona ya haɗa surarta, kai a nan, wutsiya a can, tsakaninta da takalmina bai fi taƙi biyu ba. Duk tsawon lokacin da na yi a wurin ba ta motsa ba, ba ta yi huci ba. Zanen da ka kwatanta da darduma, mai ruwan ƙasa da rawaya-rawaya da shunayya da baƙi, a fili ne yake da kyau. A cikin ganye kuwa yana yanka jikinta gunduwa-gunduwa, har ido ya kasa gane inda ta fara da inda ta ƙare. Hatta layin da ya ratsa tsakiyar kanta kamar jijiyar busasshen ganye yake.

To a nan abokinka na biyu ya yi gaskiya. Ba ta bin mutum, ba ta da saurin fushi, ba ta ma son gudu. Ka san yadda ake yi wa mai nauyin barci kirari da barcin kasa, to wannan ta fi 'yar'uwarta haƙuri nesa ba kusa ba. Farautarta ta kwanto ce. Takan kwanta wuri guda kwana da kwanaki tana jiran abinci ya zo wucewa, ɓera ko gafiya ko tsuntsu ko kwaɗo, har an taɓa samun 'yar ƙaramar gada a cikin wata babba. Ta fi motsi a farkon dare, kuma in tana tafiya ba ta cika lanƙwasa jiki ba, miƙe take jan ciki a hankali. Idan aka matsa mata takan yi wani irin huci mai zurfi, wanda in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Saboda wannan hali nata, saranta bai da yawa in aka kwatanta da na kububuwa, wadda ba ta cika wuce rabin mita da ɗan wani abu ba, amma ita ce kan gaba wajen kashe mutane a filayen ciyawa na Afirka ta Yamma.

Amma ina roƙonka da girman Allah, kada ka bi wannan aboki naka wajen ɗaga ta da hannu, kuma ka gaya masa ya daina. Sanyin jikinta a tafiya ne kawai. Wajen sara tana cikin macizai mafi sauri, kuma tana iya kai sara ta gefe ba tare da ta nuna wata alama ba. Yawancin macizai irinta sara suke su saki, ita kuwa sau da yawa takan riƙe abin da ta kama, tana ɗura masa dafi. A 1983 wani yaro ɗan shekara 16 ya fasa gilashi a gidan zoo na birnin Washinton a Amurka, ya ɗauki guda biyu ya zuba a ledar shara, ya hau bas da su. Duk wannan ba su taɓa shi ba. Sai da ya zo sauka ya saɓa ledar a kafaɗa, ɗaya ta sare shi ta cikin ledar. Da ƙyar aka ceto ransa, bayan an tattaro allurar kashe dafi daga gidajen zoo na wasu garuruwa. Tun kafin wannan, a 1928, irinta ta sari Marlin Perkins a yatsa, mutumin da aikinsa ke nan kula da macizai a gidan zoo na St. Louis, shi ma sai da ya leƙa lahira ya dawo. Wanda ta ƙyale sau goma bai san ranar da za ta ƙi ƙyale shi ba.

Batun taku bakwai kuwa ba haka ba ne, kuma ina so ka cire shi daga ranka, domin irin wannan magana tana sa mutane su yanke ƙauna su zauna jiran mutuwa alhali akwai sauran lokacin kai mutum asibiti. Ɗigo da ɗigo, akwai macizai da dama da dafinsu ya fi nata ƙarfi. Nata haɗarin yawa ne da zurfi. A tatsa guda ana iya samun dafin da ya ishi kashe mutane da yawa, dogayen fiƙoƙin kuma suna kai shi can cikin tsoka. Abin da ke biyo baya shi ne azabar zafi da kumburi mai saurin hawa, cikin ɗan lokaci ƙafa ko hannu ya yi suntum, fata ta yi bororo mai jini. Dafin yana narkar da nama, yana huda ƙananan jijiyoyin jini, yana kuma hana jini daskarewa, sai ka ga jini na tsattsafowa daga dasashi, ko a fitsari, ko a amai. Abin da ya fi saurin kisa shi ne faɗuwar ƙarfin bugun jini, mutum ya ji jiri, ya yi gumi, ya suma, domin dafin yana taɓa zuciya ita kanta. Mummunan sara na iya kisa cikin 'yan awoyi. Wanda ya tsira ba tare da magani da wuri ba, sau da yawa yakan rasa yatsa ko hannu ko ƙafa saboda ruɓewa.

Wannan na ƙarshe na gani da idona, kuma da hannuna a ciki. Wani matashi cikin leburorinmu ya sa hannu zai jawo itacen wuta daga ƙarƙashin tarin ganye, ta kama shi a bayan hannu. Cikin ruɗewa muka yanko roba muka ɗaure masa damtse tamau, wani ya tsattsaga wurin da reza yana matsewa wai dafi ya fita. Mun yi haka ne da kyakkyawar niyya, abin da muka sani ke nan a lokacin. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba su da allurar kashe dafi, sai da muka ƙara tafiyar awoyi. Ya rayu, amma an yanke hannun. Likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani ba tare da faɗa ba, cewa ɗaurin ya tare jini ya kuma tara dafin wuri guda yana cin nama, tsagar kuma ta buɗe ƙofar zubar jini ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa. Shekaru sun shuɗe, amma duk sanda na tuna yaron nan yana kallon hannunsa sai zuciyata ta yi nauyi. Shi ya sa nake so ka riƙe abin da zan gaya maka yanzu fiye da duk abin da na faɗa a baya.

In ta sari wani a gabanka, ku fara janye shi daga wurin, kada kowa ya tsaya neman ta. Cire masa zobe da agogo da takalmi da duk wani abu mai matsewa tun kumburi bai riga ku ba. A sa wa gaɓar kara irin na ɗori don kada ta riƙa motsi, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga. Kada a bar shi ya yi gudu ko doguwar tafiya, a ɗauke shi, ko a kan allo, ko a babur tsakanin mutum biyu. In yana amai ko yana neman suma a kwantar da shi a gefensa na hagu. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ƙonawa, ba a sa ƙanƙara, ba a manna baƙin dutse, ba a ɗura masa jiƙo. Babu ɗaya cikinsu da ke fitar da dafi, lokaci kawai suke ci. Don rage zafi farasitamol ya isa, amma a guji asfirin da ibuprofen da danginsu, domin suna ƙara zubar jini. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru, ka kuma zana layi da biro a inda kumburin ya tsaya, likita zai ji daɗin ganin yadda yake hawa. Ko da mutumin ya ce bai jin komai, a tafi asibiti. Wani saran ba ya zuwa da dafi, amma ba a gane hakan a gona.

A asibiti akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi, a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini. Maganin gaskiya ɗaya ne, allurar kashe dafi, wadda ake sarrafawa daga jinin dawakai ko tumakin da aka saba musu da dafi kaɗan-kaɗan, dabarar da likitan Faransa Albert Calmette ya fara a shekarun 1890. Sai dai ba kowace allura ke aiki a kan kowane maciji ba. Wadda aka yi don kububuwa kaɗai ba za a dogara da ita a nan ba, ana bukatar mai haɗin macizai da yawa wadda sunan wannan ke cikin takardarta, kuma saranta yakan ci kwalabe masu yawa.

Saboda haka aikin da na ba ka, ka yi shi wannan makon, kada ka jira sai ta faru. Ka tambayi mai gonar da ma'aikatan lafiya na kusa da ku wane asibiti ne ke ajiye allurar, awa nawa ne zuwa can, wa ke da abin hawan da za a samu ko da tsakar dare. Ka ajiye lambar wayarsa. Da mun san wannan a ranar da ta sari matashin nan, da ba mu ɓata rabin yini a hanyar da ba ta ɓulle ba.

Sauran kariyar ba ta da wuya. Sa takalmin roba mai kauri da dogon wuya da wando mai kauri, ko da zafi ya dame ka. Ba na ce fiƙa ba za ta taɓa huda shi ba, amma yana tare sara da yawa. Kada ka cusa hannu cikin tarin ganye ko ɓawon koko ko ƙarƙashin gungume sai ka fara motsa wurin da doguwar sanda. In za ka tsallake faɗaɗɗiyar bishiya, hau kanta ka duba ɗaya gefen tukuna. Da dare kada ka fita ba tocila, musamman bayan ruwan sama. Kada kuma ka dogara da buga ƙafa, wasu macizai na jin girgizar ƙasa su gudu, ita kuwa lafewa take ƙara yi. In ka gan ta, ja da baya taku uku ka zagaye, ba za ta biyo ka ba. Ni ban goyi bayan a riƙa kashe ta ba gaira ba dalili, domin ita ke rage ɓerayen da ke ɓarna a gonar, kuma mutane da yawa wajen ƙoƙarin kisa ake saransu. In ma an kashe, kada a taɓa kan. Hausawa suna zancen kashe maciji ba a sare kansa ba, to wannan ko an sare kan, yana iya datse hannu ya zuba dafi bayan wani lokaci.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce. Malaminmu ya ce macijin da ya fi kowane maciji mai dafi girma a kurmi yake. Wanne ne?

AMSA: 'Yata, ya danganta da abin da malaminku ke nufi da girma. In tsawo ne, sarkin gamsheƙa na kurmin Indiya da kudu maso gabashin Asiya ne, wanda ke iya haura mita 5, abincinsa kuma wasu macizai ne, macen har sheƙa take haɗawa da ganye ta tsare ƙwanta. A kurmin Amazon akwai wani dogo da ake kira Lachesis, mai wuce mita 3. In kuwa kauri da tsawon fiƙa ake magana, kasar kurmi da na yi bayani a sama ce, kuma ita ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, 'ya'ya 20 ko 30 ko fiye a ciki guda, kowane da dafinsa tun ranar farko.

TAMBAYA: Malam, ina da ma'aikata a wani wurin yankan katako mai nisa da gari. Zan iya sayen allurar kashe dafi in ajiye, in wani abu ya faru mu yi masa da kanmu?

AMSA: Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri da ka damu da rayukan mutanenka, ba kowane mai gida ke wannan tunani ba. Amma yi da kanku, a'a. Allurar ta jijiya ake ba da ita, a hankali, kuma tunda daga jinin dabba aka samo ta, jikin wasu yakan ƙi ta nan take, numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi. Dole a samu ma'aikacin lafiya a tsaye da allurar adirenalin a hannu. Irin allurar da ke zuwa ruwa-ruwa kuma sai an ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 8, ga jabu da yawa a kasuwa. Abin da ya fi shi ne ka je asibitin da ya fi kusa da wurin aikin, ku yi magana da likita, in ya yarda ka sayo irin wadda ya rubuta maka daga amintaccen wuri a ajiye a wurinsu da sunan ma'aikatanka, a riƙa duba ranar lalacewarta. Ka kuma ware mota ɗaya da ba ta rabuwa da mai.

Damuwarka ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutane kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 suna mutuwa, waɗanda ke rasa gaɓa ko su nakasa kuma sun ninka haka kusan sau uku. Sai a 2017 hukumar ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-macen da nakasar da rabi kafin 2030. Mafi yawan mutanen da ke cikin wannan lissafi manoma ne da makiyaya da masu aikin daji irin naka. Ka tara su ranar hutu ka karanta musu amsar da na ba ɗan'uwansu mai gonar koko, musamman wajen ɗauri da tsaga, ka kuma saya wa kowa takalmi da tocila kafin damina ta kankama.